A bar wa maraƙi dakashinsa

Kwanakin nan wata talla ta cika WhatsApp da TikTok na matasan Gombe masu buga ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe. 'Yar roba ce mai hoton saniya, an ce garin dakashi ne daga ƙasar waje, wai yana gina tsoka, yana ƙara gudu, yana kashe gajiya, yana hana mura. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar ta fita daga waya ta shiga filin atisaye. Sai ka ji yaron da ko takalmin ƙwallo na kirki bai mallaka ba yana cewa, "Koci, don Allah a ina zan samu?" Wani kuma daga gefe yana ba shi shawarar ya bar na kanti ya nufi ruga, wai can ne na asali yake.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ɗan wasan da ya sayi dakashi don ya ƙara ƙarfi ko gudu ya yi asarar kuɗinsa. Wanda ya je ruga ya sha shi ɗanye ya sa lafiyarsa a haɗari, ya kuma cuci maraƙin da aka hana. Akwai ɗan wurin da dakashi yake da amfani ga mai motsa jiki, zan faɗe shi ba tare da ragi ba, amma wurin ƙarami ne, kuma ba shi ake tallatawa ba.

Dakashi shi ne nonon farko da saniya ke zubarwa bayan ta haihu, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A tatsar farko furotin ɗinsa yakan kai kashi 14 cikin ɗari, alhali madarar yau da kullum ba ta cika wuce kashi uku da ɗoriya ba. Mafi yawan wannan ƙari ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ake kira IgG. Yana kuma ɗauke da sinadaran girma, fitaccen cikinsu shi ne IGF-1. A kan waɗannan biyu aka gina tallar baki ɗayanta.

"Abin da ya ta da maraƙi cikin awa guda, ai zai ta da mutum"

Wannan ita ce hujjar farko, kuma ita ta fi shiga kunne. Matsalarta ita ce cikin maraƙi sabon haihuwa daban yake da cikin saurayi ɗan shekara ashirin.

Mahaifar saniya ba ta barin ƙwayoyin garkuwa su tsallaka daga jinin uwa zuwa ɗan da ke ciki. Maraƙi yana faɗowa duniya kusan babu garkuwa. Shi ya sa Allah ya bar hanjinsa a buɗe na ɗan lokaci, yadda ƙwayoyin IgG za su ratsa bangon hanjin su shiga jini ɗungurungum ba tare da an narkar da su ba. Bayan awa shida ƙofar ta fara tsukewa sosai. Zuwa awa 24 ta rufe. Daga nan ko shi maraƙin kansa, in ya sha dakashi, abinci kawai ya sha.

To ina ga babban mutum? Da zarar garin ya sauka cikinsa, ruwan tsamin ciki da sinadaran narkar da abinci za su far masa yadda suke far wa kowane furotin. Wani ɓangare na IgG yakan tsira ya bi ta cikin hanji ya yi ɗan aiki a nan, amma ba ya shiga jini ya zama garkuwar mutum. IGF-1 ma haka. A wani bincike da aka yi a Holan a 2002, an ba 'yan wasa giram 60 na garin dakashi kullum har mako huɗu, aka auna jininsu, IGF-1 bai ƙaru ba. Akwai binciken Finlan da ya ga ƙari, amma yawancin waɗanda suka biyo baya ba su gani ba. Sinadarin da bai isa jini ba, ta yaya zai isa tsokar cinya?

"Ai Turawa sun yi bincike"

Sun yi, tun wajen ƙarshen shekarun 1990. Sai dai mai talla yakan tsaya ne a kan cewa an yi, ba ya faɗin abin da aka samu.

A Ostareliya, a 2002, an ba masu gudu giram 60 a rana tsawon mako takwas, aka riƙa sa su gudu sau biyu da hutun minti ashirin a tsakani. A gudun farko babu bambanci tsakaninsu da waɗanda aka ba garin furotin na madara. A gudu na biyu ne masu dakashin suka ɗan fi. Masu tseren keke ma an ga sun ɗan rage lokaci bayan doguwar tafiya. A masu tuƙa kwalekwale kuwa ba a ga ƙarin komai ba a sakamakon tseren. Wani bincike a Amurka a 2001 ya ga ƙarin tsoka da giram 20 a rana, wasu suka gwada ba su samu haka ba. Kusan dukkansu mutane kaɗan ne a ciki, daga goma sha zuwa 'yan gomiya, kuma da yawa kamfanonin da ke sayar da garin ne suka ba da kaya ko kuɗin aikin.

A 2018 Kwamitin Olamfik na Duniya ya tara masana suka fitar da matsaya a kan abubuwan ƙari da 'yan wasa ke sha. Waɗanda suka ce akwai hujja mai ƙarfi cewa suna ƙara ƙwazo a fili biyar ne: kafeyin, kiriyatin, naitiret, beta-alanin da bakabonet. Dakashi ba ya cikinsu. Sun ambace shi ne a wani sashe dabam, na garkuwar jiki, can ma ba su ba shi babban matsayi ba.

Lissafin da ba a rubutawa a jikin robar

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin ko da duk binciken nan ya tabbata, abin da ake sayar mana bai kama ƙafar abin da aka gwada ba.

Yawancin gwaje-gwajen sun yi amfani da giram 20 zuwa 60 a rana, na tsawon makonni. Yanzu ɗauki robar kafso da aka fi kawowa. Kowane kafso miligiram 500 ne, wato rabin giram. Roba mai kafso 60 giram 30 ke nan gaba ɗayanta. Umarnin da ke jiki yakan ce a sha biyu a rana, giram ɗaya ke nan. Kafin ka kai giram 20 sai ka haɗiye kafso 40 a yini, roba guda ta ƙare maka cikin kwana ɗaya da rabi. In za ka yi mako takwas yadda aka yi a binciken, kana buƙatar giram 1,120, wato roba 37 da 'yan kai. In kuwa giram 60 za ka bi, giram 3,360 ne, roba 112. Kowa ya tambayi farashin roba guda a inda yake saye ya ninka da kansa.

Mai shan kafso biyu a rana yana shan kashi ɗaya cikin ashirin na abin da aka gwada, sannan yana jiran sakamakon da ko a cikakken awo ma bai tabbata ba. Furotin ɗin da ke cikin kafso biyun nan bai kai giram ɗaya ba. Ƙwai guda yana da wajen giram shida.

Sai batun inganci. IgG yana raguwa da sauri bayan haihuwa: tatsa ta biyu ta riga ta faɗi ƙwarai, zuwa kwana na uku ko na huɗu nonon ya kusa komawa madara zalla. Kamfani zai iya haɗa tatsar kwana uku ya busar ya kira shi dakashi. Zafi ma yana lalata ƙwayoyin, ko wajen busarwa ko wajen ajiya. Robar da ta sha rana a mota daga Legas ko Kano, ta zo ta zauna a shagon da rufin kwanonsa ke tafasa a watan Afrilu, ba wanda zai iya rantse maka da abin da ya rage a ciki. Lambar NAFDAC, in ma akwai ta kuma ta gaskiya ce, shaidar rajista ce. Ba ta ce kayan zai sa ka riga mai tsaron baya isa ƙwallo ba.

Inda yake da ɗan abin faɗa

Wuri biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba.

Na farko hanji. In mutum ya yi gudu mai tsanani, musamman cikin zafi, jini yakan janye daga hanji ya tafi tsoka da fata, bangon hanjin ya yi rauni na ɗan lokaci. Daga nan ne wasu ke samun murɗar ciki, tashin zuciya ko gudawa bayan dogon gudu. A Birtaniya, a 2011, an ba mutum goma sha biyu giram 20 a rana na kwana 14, aka ga raunin bangon hanjin ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari bayan gudun minti ashirin. Wannan sakamako ne mai kyau. Amma ma'aunin ɗakin gwaji ne, ba a nuna cewa sun fi gudu ba, kuma wasu gwaje-gwajen da aka yi cikin zafi ba su ga wannan amfanin ba.

Na biyu mura. A 2016 an tattara bincike biyar masu mutum 152, aka ga kwanakin mura da ciwon maƙogwaro sun ragu da wajen kashi 44 cikin ɗari ga masu shan dakashi a lokacin atisaye mai nauyi. Masu tattarawar da kansu sun ce mutanen sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Saboda haka, ƙwararren mai dogon gudu da cikinsa ke ba shi matsala, wanda ya gyara komai bai daina ba, yana da likita kuma yana da kuɗin cikakken awo, in ya gwada ba zan ce ya yi wauta ba. Amma mutum nawa ne irin wannan a cikin masu zagaya filin wasa na Pantami da asuba?

Maganar gwajin ƙwayoyi

Duk yaron da ke mafarkin sa rigar Gombe United ko Doma United, balle ya fita waje, ya kamata ya san wannan. IGF-1 yana cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta. Dakashi shi kansa ba a haramta shi ba, amma hukumar ta faɗa ƙarara cewa ba ta ba da shawarar a sha shi, domin sinadaran girman da ke cikinsa za su iya shafar sakamakon gwaji.

Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne abin da ba a rubuta ba. A farkon shekarun 2000, wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya auna kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran gina tsoka haramtattu da ba a ambata a jikin kwalin ba. Dokar wasanni kuwa ba ta karɓar "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne. Shi ya sa ƙwararru ba sa taɓa garin da ba shi da tambarin gwaji mai zaman kansa irin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, tare da lambar rukunin da za a iya dubawa. Garin da aka ƙulla a farar leda, ko aka juye a robar da ba ta da adireshin kamfani, bai cancanci ko a buɗe shi ba.

"To mu sha na ruga, ai namu ya fi"

Wannan ce shawarar da ta fi ba ni tsoro, domin ita ce mai sauƙin aikatawa a jihar da shanu ke ko'ina, daga Dukku da Wawa-Zange har Kwami da Akko.

Ɗanyen nono hanya ce ta cutar bakkale, wadda ke sa saniya ɓari, a mutum kuma ta zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa ana ta shan maganin maleriya da taifod wata da watanni kafin a gano ta. Kuma lokacin haihuwa ne saniya mai cutar ta fi zubar da ƙwayoyinta. Akwai tarin fuka na shanu, akwai ƙwayoyin gudawa da ke shiga daga kashin da ya taɓa hantsa ko ƙwaryar tatsa. In an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta dab da haihuwa, ragowar maganin yana cikin nonon.

Wani zai ce sai a tafasa. In ka ɗora dakashi a wuta yakan daskare kamar dafaffen ƙwai, wanda ya tashi kusa da garke ya san daɗinsa. Abinci ne mai kyau, amma ƙwayoyin garkuwar da ka je nema sun riga sun dahu sun lalace. Hanyar da ake bi a manyan gonaki don a kashe cuta a bar IgG ita ce a riƙe shi a digiri 60 daidai na minti 60, ana juyawa. In ya haura da 'yan digiri ya fara kauri, in ya gaza cutar ta tsira. Wannan aikin na'ura ne da ma'aunin zafi, murhun itace ba zai iya ba.

Sannan mu zo kan mai haƙƙin. Maraƙi yana buƙatar dakashi kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a 'yan awannin farko. Ɗan bunaji yakan faɗo da kilo ashirin da 'yan kai, wato yana son lita biyu ko fiye, kuma gara ya fara tsotsa cikin awa biyun farko. Garin da ake sayarwa a kanti ya samo asali ne daga gonakin madara na ƙasashe irin Amurka da New Zealand, inda saniyar Holstein mai yawan nono sau da yawa take zubar da abin da ya fi ƙarfin ɗanta, a tara rarar a sayar. Bunajinmu da rahajinmu, musamman wadda ta haihu a ƙarshen rani bayan ta sha wuyar kiwo, da ƙyar take cika cikin ɗanta. Rarar da za a sayar babu ita. Kofi biyu da aka tatsa wa ɗan ƙwallo daga bakin maraƙi aka cire su.

Abin da ke biyo baya makiyaya sun san shi sarai: zawo a makon farko, kumburin cibiya, ciwon huhu, maraƙi ya yi ta rama ko ya mutu. Kuma shanunmu ba sa sakin nono sosai sai ɗan yana kusa ya fara tsotsa. In maraƙin ya mutu, nonon shekarar ya tafi, kindirmo da man shanun da matar gida ke kaiwa kasuwa sun tafi, karsanar da za ta ƙara garke ta tafi. In har wannan yayi ya kama, aka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan dakashi, za a samu yaran kiwo masu tatsa a ɓoye ba da sanin mai shanu ba. Ya kamata ardo-ardo da ma'aikatan lafiyar dabbobi su ji wannan magana tun yanzu, tun ba ta zama kasuwa ba.

Bari in ɗan ratse, domin abin yana ci mini rai. A gidajenmu da yawa har yau ana matse nonon farko na mai jego a zubar, wai ƙazanta ne ko zai ɓata cikin jariri, a ba shi ruwa ko madarar dabba kafin "nono mai kyau" ya zo. Wannan ne dakashin da babu gardama a kan amfaninsa ga ɗan Adam, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Saurayin da ke neman na saniya a intanet, in ya tsaya ya tabbatar ɗansa ko ɗan 'yar'uwarsa ya sha na mahaifiyarsa, ya yi aikin da ya fi.

Ina kuɗin ya kamata ya tafi

Ɗan wasa mai kilo 65 da ke atisaye sosai yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kowane kilo, giram 104 ke nan a rana, a rarraba shi sau uku ko huɗu. Ƙwai uku giram 18. Rabin litar kindirmo wajen 16. Wake giram 100 kafin a dafa, wajen 23. Kifin Dadin Kowa giram 100, wajen 20. Gyaɗa giram 50, wajen 12. An kusa 90 ke nan, tuwo da fura da shinkafa su cike sauran. In an ƙara awara ko ƙuli-ƙuli an wuce. Yawancin yaranmu ba sa kaiwa rabin wannan. Da yawa shayi da burodi ne kawai a cikinsu suke buga minti casa'in.

Ruwa kuma, a garin da zafi ke taɓa digiri 40 a Maris da Afrilu. Sikeli guda ya ishi ƙungiya. A auna yaro kafin atisaye da bayansa. In ya rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 1.3 ga mai kilo 65, gudunsa da tunaninsa sun riga sun ragu. Kowane kilo da ya tafi a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a 'yan awannin da ke biye, da ɗan gishiri a abinci. Mafi yawan murɗar cikin da ake son dakashi ya magance, wannan ne maganinta, tare da daina cika ciki da abinci mai maiƙo dab da wasa.

Yaron da ke saurin gajiya, kafin a saya masa kowane gari, a kai shi a auna yawan jininsa, a duba maleriya da tsutsar ciki. Ƙarancin jini yana cin numfashin ɗan wasa fiye da duk abin da kafso zai iya mayarwa, kuma gwajin bai kai kuɗin roba guda ba. Mai rashin jituwa da madarar shanu kuwa, wanda take sa wa ƙuraje, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, kada ya kusanci dakashi ko kaɗan. Wanda madara ke kumbura wa ciki ma zai iya samun gudawa a awo mai yawa.

Kociyoyi su ne ya kamata su fara rufe wannan ƙofa, domin maganarsu yara ke ji. Kocin da ke karɓar kamasho a kan kowace roba da ɗan wasansa ya saya ya ci amanar iyayen da suka danƙa masa 'ya'yansu. In ana son a binciki abin da yara ke haɗiya kafin wasa, a fara da jakunkunansu: ibuprofen da diclofenac da ake sha tun kafin a ji ciwo suna ƙara raunata bangon hanjin nan da ake magana, suna kuma wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Tramadol kuwa WADA ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, kuma har yanzu akwai yaran da ke jefa shi a baki a bayan raga kafin alƙalin wasa ya hura usur.